Ƙofar Tana Hagu

Ni na juya wa motar nan sitiyari, saboda haka duk wanda zai ce mini ƙaddara ce kawai, to ya faɗa daga nesa. Na yarda da ƙaddara, amma na san hannun da ya riƙe wutar walda. Sunana Labaran. Walda da gyaran jikin mota nake yi a Durumi tun wurin yana 'yan bukkoki da gonakin doya. Labarin ba nawa ba ne, na Sadisu direba ne, sai dai ba yadda zan ba da shi in cire kaina.

Sadisu mutumin Malumfashi ne, dogo, siriri, mai ɗan ranƙwafo irin na waɗanda suka daɗe a kan sitiyari. Ba shi da yawan dariya, kuma in ya fara yi maka bayani a kan mota sai shayinka ya huce. Da yaron mota ya fara, a manyan motocin da ke kai shanu Ikko, ya samu lasin a shekarar canjin hannu, wato lokacin da ƙasar nan ta bar tuƙi ta hagu ta koma dama. Ya sha gaya mana cewa a makon farko na canjin, a Agege, ya ga wani dattijo ya sauko daga bas, ya duba ɓangaren da ya saba dubawa shekara da shekaru, ya sa ƙafa a kwalta, mota ta fito ta ɗaya ɓangaren ta kwashe shi. Mun ji labarin nan har mun haddace. In ya ɗauko shi sai mu ce, “Malam Sadisu, Allah ya jiƙan tsohon nan, a bar shi ya huta haka.”

Daga baya ya samu aikin direba a wata ma'aikatar tarayya a Ikko. Da aka tashi mayar da gwamnati Abuja a casa'in da ɗaya, yana cikin waɗanda suka yi ta jigilar kaya. Sawu ashirin da wani abu ya yi ta hanyar Lakwaja, ɗauke da akwatunan fayil da tebura da kujerun manya masu juyawa. Kujerar darakta ta iso ta samu ofis mai esi a Garki. Wanda ya kawo ta bai samu ko ɗaki ba, sai can Tungan Maje ya kama ciki da falo, ya ajiye matarsa Zulai da 'ya'ya biyar. Da kaya suka gama isowa sai aka ga direbobi sun yi yawa, aka sallami wasu, har da shi.

A lokacin ne Hajiya Nazifa, matar wani babban ma'aikaci, ta buɗe makarantar kuɗi ta 'ya'yan waɗanda suka taso daga Ikko da Kaduna. Ta ɗauki Sadisu direban motar yara. Ni kuma garejina ake kawo motar, nan muka saba.

Motar farko da aka ba shi 'yar Amurka ce, rawaya, doguwa, mai dogon hanci, an saye ta a gwanjo. Muni kam ba a magana. Kujerunta dogayen baya ne, a matse da juna, an lulluɓe su da wata koriyar leda mai kauri da ke manne wa yaro a cinya idan rana ta take. In ta faɗa rami, na kujerar baya sai ya ji har cikin haƙoransa. Ranar da ya fara kawo ta na tuntsire da dariya, na ce, “Wannan ai a kai ta gidan yari ta yi aiki.” Bai yi dariya ba. Ya ja ni ciki, ya kama hannuna ya ɗora a bayan wata kujera.

“Danna nan,” in ji shi. “Soso ne. In na taka birki da ƙarfi, goshin yaro a nan zai faɗa, ba a kan ƙarfe ba. Shi ya sa suka matse su. Dubi tsayinta daga ƙasa, ƙaramar mota in ta dake mu ta gefe, ƙarƙashin ƙafafun yara za ta shige.”

Ya nuna mini ƙofar gudu ta baya, da jajayen fitilu, da wani jan faifai da ke buɗewa daga gefe in an tsaya don na baya su dakata. Ya ce, “Labaran, in ka dubi mota da kyau za ta gaya maka abin da mutanen ƙasarta suke tsoro. Waɗannan karo suke tsoro.” Na ce, “To mu fa?” Ya ce, “Mu kujera ta tafi babu mutum muke tsoro.”

Iyayen yara ba su ga abin da ya gani ba. Mutane ne da suka yi karatu a waje, suna biyan kuɗi mai kauri, sai a dawo musu da 'ya'ya jiƙe da zufa, kayan makaranta a yamutse. Ga kayan gyaranta sai an aika Ikko. Shekara ɗaya Hajiya ta sayar da ita ga wani mai ɗaukar tukwane da doya daga Ushafa. Ranar da aka tafi da ita Sadisu bai ci abincin rana ba.

Ta biyu 'yar Jamus ce, ba ta daɗe ba. Gilasanta a liƙe suke, ba ko ɗaya mai buɗewa, a ƙarƙashin kujeru kuma akwai bututun ɗumama ƙafa. A Abuja, a watan Maris! Sadisu ya ce waɗannan sanyi suke tsoro, Allah ya sa kada su zo su ga abin da muka yi da motarsu. Ni na yanka mata tagogi huɗu don yara su sha iska. Kafin zangon karatu biyu injinta ya buga, kowa ya huta.

Sai ta uku, a casa'in da huɗu, 'yar Japan. Ko ni da ba na yabon mota, da na shiga sai da na ce masha Allah. Kujeru na karammiski ruwan toka, 'yan gajeru daidai ƙafar yaro, labule a kowace taga, esi mai sanyi har da ƙamshi, injin ba ka ko jin sa. Sai dai mutanen Japan ta hagu suke tuƙi, don haka sitiyarinta yana dama, ƙofar fasinja kuma tana hagu. Hajiya ta ce a juya sitiyari. Na juya shi, aiki mai kyau kuwa, har yanzu ba na jin kunyar wannan ɓangaren. 'Yar ƙofar direba ta dama, wadda ke saman taya babu matattakala, na liƙe ta da walda na ɗora akwatin batir a wurin. Ƙofar fasinja na bar ta inda take, domin ba wanda ya ce in taɓa ta, ni kuma tunanina bai kai can ba.

Sadisu ya zo ɗaukarta. Ya zagaya ta sau ɗaya, ya tsaya a gefen hagu, ya daɗe yana kallo.

“Labaran, in na faka a gefen titi, ina wannan ƙofar za ta buɗe?”

Na duba, sai na gane. In ya tsaya a hannunsa, gefen da babu ƙofa ne ke kallon gidaje. Ƙofar kuwa cikin titi za ta buɗe, yaro ya sauko kai tsaye gaban duk abin da ke tahowa. Abuja ta lokacin kuwa gini ake yi ko'ina, tifofin yashi da tsakuwa ke cin kasuwarsu a sababbin tituna masu faɗi, yawancinsu birki sai addu'a.

Na ce, “Abu mai sauƙi. A yanka wata ƙofar a dama, a liƙe wannan. Kujeru biyu kawai za a cire.”

Muka je wa Hajiya da maganar tare. Ta saurare mu tana duba takardu. Ta ce, “Kujeru biyu? Yara huɗu ke nan, Malam Sadisu, where will I put them? Kuma sabuwar mota ku ɓata mini body, esi ya riƙa fita? Parents saboda motar nan suke kawo yara. Ka dai yi hankali, in an yi dogon hutu sai mu gani.”

Ba zan ce muguwa ce ba. Ranar da ɗan Sadisu ya karye ita ta kai shi asibiti da motarta. Amma dogon hutu huɗu suka zo suka wuce. Na farko an kai yara yawon buɗe ido. Na biyu ƙanwarta na aure, motar na ɗaukar 'yan biki. Na uku da na huɗu ban ma san dalili ba, maganar ta riga ta tsufa, kuma ba abin da ya faru.

Ba abin da ya faru ne saboda Sadisu. Da farko dabara ya yi: in ya zo sauke yaro sai ya tsallaka hannun da ba nasa ba ya faka, ƙofar ta kalli gida. A ƙananan layuka abin yana yiwuwa, amma a manyan tituna masu shinge a tsakiya ba hali. Masu kula da hanya suka kama shi sau biyu, wani uba kuma ya gan shi ya kai ƙara cewa direban yana tuƙin ganganci da 'ya'yan mutane. Hajiya ta hana.

Sai ya koma wata hanyar. Ya sa Zulai ta ɗinka masa jan ƙyalle, ya ɗaura a sandar tsintsiya. Duk inda zai ɗauki yaro ko ya sauke, sai ya ja birkin hannu, ya taso daga kujerarsa, ya riga kowa fita. Ya tsaya a kan kwalta, taku biyu daga ƙofar, yana fuskantar motocin da ke tahowa, tuta a sama. Monica, malamar da ke raka yaran, ta riƙo hannun yaro ta bi da shi ta bayan Sadisu, su zagaya gaban motar su hau gefen titi. Wuri goma sha ɗaya yake tsayawa da safe, goma sha ɗaya da rana. Direbobin tasi suka sa masa suna Baba Tuta. Wasu su zage shi, wasu su matso da gangan don su ga ko zai kauce. Ba ya kaucewa.

Na ce masa wata rana, “'Yar Amurka tana da faifan tsayar da motoci, ke nan ita wannan kai ne faifanta.” Na faɗa ne don a yi dariya, kuma an yi. Ya dube ni ya ce, “To in ba ni ba, wa zai zama?”

Kullum aka kawo motar juyen mai, sai ya zaro alli daga aljihu, irin na makaranta, ya zana ƙofa a gefen dama, tsayinta da faɗinta, har da inda matattakala za ta zauna. Ya ce, “Ga ta nan, Labaran.” Ni kuma in ce, “Kawo mini izinin Hajiya.” A wanke motar, zanen ya tafi, wata mai zuwa ya sake. Daga baya ya gaji da alli, ya sa ƙusa ya karce layin ta ciki, a bayan kujerun, inda ba mai gani.

Akwai wata Asabar da ba na son tunawa. Ya kawo motar da hantsi, ba ranar gyara ba. Ya zauna a bencina, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Ya ce jiya wata tifa ta goge shi har maɓallin rigarsa ya tsinke. Ya ce gwiwoyinsa sun fara ciwo, ba ya iya sauka da sauri kamar dā, jiya ma wani yaro ya kusa riga shi fita.

“Ka yanka ta yau,” in ji shi. “Kafin Litinin ka gama. In ta gani, ka ce ni na sa ka. In za ta kore ni ta kore ni, ƙofar dai ta riga ta koma.”

Na ce, “Malam Sadisu, mijinta fa ka san ko wane ne. Garejin nan ba takarda gare shi ba. Waya ɗaya zai buga a zo da katafila.”

“Ba zai buga ba.”

“Kai ka ce.”

Ya miƙe tsaye. Sannan ya mayar da hularsa, ya ce, “Shi ke nan, Allah ya ba mu alheri,” ya ja motar ya tafi. Tsoro ne ya hana ni, ba wani abu ba. Na ji tsoron rasa rumfar kwano da injin walda, na bar mutum mai shekara kusan hamsin ya koma ya tsaya gaban tifa. Na faɗa wa kaina wannan maganar sau ba adadi, har yau ba ta yi sauƙi ba.

Bayan wata uku, a daminar casa'in da takwas, ranar Laraba da misalin ƙarfe biyu na rana, abin ya faru. Ba na wurin. Monica ce ta gaya mini, a nan garejin.

“Ruwa ya tsaya kenan, titi duk santsi,” in ji ta. “Mun zo gidan su Sumayya, ƙaramin yarinya nan na primary one. Baba ya fita da tuta kamar kullum. Ni ina ɗauko jakanta a baya, kafin na juya ta riga ta sauka step ɗaya. Sai na ji horn. Tifa ne, ya kauce wa wani mota, ya taho gefenmu, birki ba ya kama. Oga Labaran, Baba yana da wurin gudu. In ya yi tsalle ta gaban mota ya tsira, na rantse. Amma ya juyo, ya tura Sumayya ciki da hannu biyu, ya ja ƙofa ya rufe. Shi yana waje.”

Tifar ta matse shi da jikin ƙofar, ta ja shi. Yara goma sha tara ne a ciki, ba wanda ya ƙwarzane, sai Sumayya da ta fasa leɓe a kan matattakala. Kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Aka yi masa sutura a Tungan Maje washegari da safe. Iyayen yara sun zo da manyan motoci har layin ya cika, wasu sun yi kuka na gaskiya. Na ji wani a cikinsu yana cewa ai irin waɗannan motocin bai kamata a bar su su shigo ƙasar nan ba. 'Ya'yansa uku ne a motar tun ranar da aka saye ta.

Ranar Juma'a sabon direba ya kawo mini motar, ƙofar a lanƙwashe, an wanke ta amma ba a wanke ta duka ba. Ya ce, “Madam ta ce a miƙe ƙofa a yi fenti, Monday yara za su shiga.”

Na karɓi makullin. Ya tafi, na kwance kujeru biyun nan na dama. Layin Sadisu yana nan a bayansu, a miƙe, ko awo ban sake ba. Na bi shi da wuta na yanka. Na miƙe tsohuwar ƙofar na mayar da ita dama, na yi mata matattakala biyu, na liƙe ramin hagu da sabon faranti, na goge, na fesa fenti. Na fara bayan sallar Juma'a, kafin magaribar Asabar na gama. Yini ɗaya da rabi.

Hajiya ta zo da kanta ranar Lahadi. Na shirya mata baƙaƙen maganganu tun a gida, ina jira ta tambayi wanda ya ba ni izini. Ta zagaya motar, ta buɗe sabuwar ƙofar ta rufe, ta sake buɗewa. Ta hau matattakalar ta sauko. Sannan ta ce, da wata ƙaramar murya da ban san ta da ita ba, “Da ma haka abin yake da sauƙi?”

Maganganun da na shirya duk suka maƙale. Ita sai a ranar ta sani. Ni tun ranar farko na san yini nawa aikin zai ci. Mijinta bai buga wa kowa waya ba, katafila ba ta zo ba. Yara huɗun da aka ce ba inda za a sa su, aka matsa musu a kujerar baya suka zauna lafiya lau.

Ba ta tambayi kujerun ba, ni kuma na kasa zama da su a gareji. Bayan sadakar bakwai na ɗora su a akori-kura na nufi Tungan Maje. Ban san me nake nufi da hakan ba. Wataƙila na ga gidan ba su da wurin zama sai tabarma da benci ɗaya, wataƙila kuma so nake wani ya zage ni. Na yi sallama, na sauke su a tsakar gida. Zulai tana takaba, ta fito lulluɓe da mayafi ta tsaya daga bakin ƙofa, muka gaisa, na sake yi mata ta'aziyya. Shekara huɗu tana jin labarin kujerun nan a bakin mijinta, ba ta taɓa ganin su ba.

Ta dube su, ta ce, “Malam Labaran, su ne?”

Na ce, “Su ne.”

“A kan waɗannan ne?”

Ta matso a hankali, ta sunkuya, ta ɗora tafin hannunta a kan karammiskin ta danna, soson ya lotsa ya dawo. Ta sake dannawa.

“Suna da laushi kuwa,” in ji ta.

Ta juya ta shige ɗaki, ta saki labule, ta bar ni da su a tsakar gida.